HAƊA LAYUKAN WAYA: INA RABON FADAMAR HAƊEJA?

A shekarar 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, ta amince da wata yarjejeniya ta shekara uku tsakanin kamfanin MTN da kamfanin 9mobile, wanda ya sauya suna zuwa T2 a watan Agusta na shekarar. A ƙarƙashin wannan yarjejeniya, mai riƙe da layin T2 yana iya yin kira, ya aika da saƙo, ya kuma shiga intanet ta kan turakun MTN a wuraren da kamfaninsa ba shi da sabis. Wannan shi ne aron sabis na cikin gida, wanda ma'aikatan waya ke kira romin. Bayan haka, daga ranar 1 ga watan Oktoba na 2025, MTN ya karɓi hayar wani yanki na zangon da T2 ke riƙe da lasisinsa, megahaz 5 a zangon 900 da megahaz 15 a zangon 1800, shi ma na tsawon shekara uku. Tun kafin nan kuwa, a watan Maris, MTN da Airtel sun ba da sanarwar cewa za su riƙa yin tarayya a kayan aikinsu a Nijeriya da Yuganda.

An yi marhabin da waɗannan matakai, kuma babu laifi a cikin hakan. Wanda ya san halin da masu layin 9mobile suka shiga ba zai ƙi yi musu barka ba. Kamfanin ya fara aiki a 2008 da sunan Etisalat, ya bunƙasa har masu layinsa suka haura miliyan 22, sannan bashin dala biliyan 1.2 da ya ci daga bankuna 13 ya durƙusar da shi a 2017. Daga nan aka yi ta sauya hannu, turaku suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har yawan masu layin ya faɗo ƙasa da miliyan 3 a tsakiyar 2025. Waɗanda suka rage ba don jin daɗi suka zauna ba. Da yawansu lambar ce ta ɗaure su, domin ita ce ke haɗe da asusun banki, da lambar shaidar ɗan ƙasa, da rajistar jarrabawar JAMB, kuma ita dangi da abokan ciniki suka sani. Ga irin waɗannan bayin Allah, dawowar sabis ta kowace hanya alheri ne.

To, amma fa ba a Legas ko Abuja ne za a gane amfanin irin wannan haɗin gwiwa ba, domin a can turaku sun yi yawa har suna gogayya da juna a kan rufin benaye. Inda za a auna shi da gaske shi ne wuri irin fadamar kogin Haɗeja, inda turke ɗaya kan ɗauki garuruwa da rugage masu yawa, inda kuma ruwa kan yanke hanya na tsawon makonni. Abin da ya kamata hukumomi su tambaya shi ne, shin haɗa layukan nan ya ƙara wa manomin Guri ko masuncin Baturiya sabis ne, ko kuwa ya rage wa kamfanoni kashe kuɗi ne kawai?

Yana da kyau a fara fayyace abin da ake nufi da zango, domin a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Duk wanda ya girma da akwatin rediyo ya san bambancin gajeren zango da matsakaicin zango, ya kuma san cewa akwatin da ba shi da gajeren zango ba zai kamo tashar da ke watsa shiri a kansa ba, komai ƙarfin tashar. Wayar hannu ma rediyo ce, sai dai tana karɓa tana kuma aikawa. Kowane kamfani yana da zangon da Gwamnatin Tarayya ta ba shi lasisi a kai, kuma ba a arha ba: a gwanjon farko da aka yi a watan Janairu na 2001, dala miliyan 285 aka biya a kan kowane lasisi. Ƙa'idar kuwa mai sauƙi ce. Ƙananan zanguna, irin su 700 da 800 da 900, suna cin nisa, suna ratsa bango da duhuwar itatuwa, amma ba su ɗaukar kaya da yawa. Manyan zanguna, irin su 1800 da 2600, da kuma 3500 da aka yi gwanjonsa don 5G a watan Disamba na 2021, suna ɗaukar kaya masu yawa da sauri, amma ba su yin nisa. Saboda haka birni mai cunkoso yana son babban zango, karkara mai faɗi kuwa ƙaramin zango ne abin dogaronta.

Ta fuskar shimfiɗar ƙasa, Allah Ya yi wa masarautar Haɗeja sauƙi. Babu duwatsu ko tsaunukan da za su tare saƙo tsakanin turke da waya. Daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri fili ne shimfiɗaɗɗe, kuma dogon turke mai aiki a ƙaramin zango yana iya kai sabis kilomita masu yawa a irin wannan wuri. Idan har sabis ya yi ƙaranci a nan, ba yanayin ƙasa ne ya hana ba. Lissafin riba ne. Kamfani yana kafa turke ne a inda yake ganin kuɗin kati zai biya kuɗin dizal da na mai gadi, shi ya sa sabis kan bi kwalta da manyan kasuwanni, ya riƙa raguwa da zarar mutum ya sauka daga titi ya nufi cikin fadama. Ita kanta NCC ta ƙidaya yankuna 207 da ba su da isasshen sabis a faɗin ƙasar nan a 2013, ta kuma ce sun ragu zuwa 97 a 2022, inda kimanin mutum miliyan 27 ke zaune. An sami ci-gaba, babu shakka, amma mutum miliyan 27 ba ƙaramar al'umma ba ce.

A nan ne ya wajaba a faɗi gaskiya game da aron sabis. Yarjejeniya irin ta MTN da T2 ba ta kafa ko da turke ɗaya sabo. Tana buɗe wa baƙo ƙofar ɗakin da aka riga aka gina ne kawai. Ƙauyen da babu kamfanin da ya taɓa kai masa sabis, yana nan yadda yake, ko an sa hannu a takarda ko ba a sa ba. Ƙauyen da yake da turke kuwa, yanzu turken zai ɗauki mutanen gida da baƙi, kuma idan ba a ƙara masa ƙarfi ba, kowa zai ji a jikinsa, musamman ranar kasuwa. Watakila wannan ne dalilin da ya sa aka haɗa aron sabis da hayar zango, domin ƙarin zango shi ne ƙarin faɗin hanya. Idan haka ne, wajibi ne a ga wannan ƙarin faɗi ya iso turakun karkara, kada ya tsaya a manyan birane inda masu kallon bidiyo suka fi yawa.

Akwai kuma wani haɗari wanda ba a cika magana a kansa ba, kuma shi ne ya fi shafar mutanen fadama. Sanin kowa ne cewa talakan ƙasar nan ya daɗe da yi wa kansa dabara: yana sayen waya mai ɗaukar layi biyu, ya sa na kamfanoni daban-daban, domin in wannan ya ɗauke wancan ya kawo. Dillalin kifi a kasuwar Haɗeja, da mai POS a Malam Madori, da malamin makarantar da aka tura wani ƙauye a Kaugama, duk da wannan dabara suke rayuwa. Dabarar tana aiki ne muddin layukan biyu suna tafiya a kan hanyoyi biyu. Amma tun shekarun baya manyan kamfanonin suka sayar da akasarin turakunsu ga kamfanonin da ke ba da hayar turke, irin su IHS, ta yadda sau da yawa ƙarfe ɗaya ne ke ɗauke da na'urorin kamfani biyu ko uku, janareta ɗaya ke ba su wuta. Yanzu kuma an ƙara matsawa gaba, ana tarayya a igiyar faiba da ake binnewa, wani kamfanin ma yana hawa na'urar wani ɗungurungum. Ma'ana, mutum yana iya riƙe layi biyu a aljihu yana zaton ya yi tanadi, alhali dukkansu a igiya ɗaya suke rataye. Ranar da janaretan nan ya tsaya, tare za su ɗauke.

A Kano ko Dutse, tsayawar janareta matsalar 'yan sa'o'i ce. A fadamar Haɗeja kuwa, tsakanin watan Agusta da Oktoba, tana iya zama maganar rai da mutuwa. Kogin Kano da kogin Challawa ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, wanda ke gangarowa ta Wudil da Ringim da Miga da Auyo kafin ya bazu cikin dausayin Haɗeja da Nguru. A kan waɗannan koguna biyu akwai madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Challawa, wadda aka gama a 1992. A shekarar da damina ta yi ƙarfi, madatsun suka cika suka tumbatsa, ruwa kan taho ya tarar da hanyoyinsa sun cushe da yashi da ciyawar kachala, sai ya fasa ya bi gonaki da gidaje. Haka aka gani a 2018 da 2020, sannan a 2022 aka ga wadda ta fi su muni, inda fiye da mutum 100 suka rasa rayukansu a Jihar Jigawa, dubban gidaje suka rushe. Mutanen birnin Haɗeja ba za su manta da dararen da matasa suka kwana a bakin jinga suna jera buhunan ƙasa ba.

Abin lura shi ne, ruwan nan ba faɗowa yake yi daga sama kamar aradu ba. Yana ɗaukar kwanaki kafin ya iso daga sama zuwa ƙasa. Wannan tazara ita ce dukiyar da mutanen fadama ke da ita, domin a cikinta ne za a iya kwashe hatsi daga rumbu, a kora dabbobi zuwa tudu, a fitar da tsofaffi da masu juna biyu kafin hanya ta yanke. Amma tazarar ba ta da amfani in labari bai isa ba. Wanda ke Ringim ya ga ruwa ya haura, waya zai ɗauka ya gaya wa ɗan'uwansa da ke Auyo. Dagaci da waya zai nemi hakimi, hakimi ya nemi shugaban ƙaramar hukuma. Mai kwalekwale da waya ake kiransa. Kuma a daidai wannan lokaci ne turke ya fi fuskantar haɗari, domin motar da ke kai masa dizal ba ta iya ratsa ruwa, batir ɗinsa na 'yan sa'o'i ne, janaretan kuma sau da yawa a ƙasa yake zaune. Sabis yakan ɗauke a ranar da aka fi bukatarsa.

Duk wanda ya taɓa lura da fuskar wayarsa a cikin daji zai ga wani lokaci ta rubuta cewa kiran gaggawa kawai za a iya yi. Ma'anar wannan rubutu ita ce wayar tana jin turken wani kamfani a kusa, tana iya magana da shi, amma an hana ta shiga saboda layin da ke cikinta ba na gidan ba ne. A ƙa'idar da aka ƙera wayoyi a kanta, lambobin gaggawa irin su 112 ne kaɗai aka bar wa wannan ƙofa. Wato abin da ke tsakanin mutumin da ruwa ya kewaye da ɗan'uwansa da zai kawo masa ɗauki ba rashin ƙarfe ba ne. Takarda ce ba a sa wa hannu ba.

Wasu ƙasashe sun riga sun sa wa wannan takarda hannu. A Yukiren, cikin watan Maris na 2022, makonni kaɗan da fara yaƙi, manyan kamfanonin waya uku na ƙasar suka buɗe wa juna turakunsu, ta yadda wanda layinsa ya ɗauke zai hau na maƙwabci. A Kanada, bayan da layin kamfanin Rogers ya ɗauke a faɗin ƙasar a watan Yuli na 2022, gwamnati ta sa kamfanoni suka ƙulla yarjejeniyar ɗaukar mutanen juna a lokacin gaggawa. A wannan shekarar kuma hukumar sadarwa ta Amurka ta mayar da irin wannan taimakekeniya dole a lokacin bala'i. Nijeriya ba baƙuwa ba ce ga fasahar. Tun a 2020 NCC ta ba MTN da 9mobile izinin gwada aron sabis na wata uku a Jihar Ondo, kuma yarjejeniyar 2025 ta tabbatar da cewa abin yana yiwuwa a ƙasa baki ɗaya. Abin da aka iya yi don ceto kamfani daga durƙushewa, ana iya yinsa don ceto ƙauye daga nutsewa.

Saboda haka ya kamata NCC ta kira kamfanonin nan huɗu, MTN da Airtel da Glo da T2, ta shimfiɗa musu ƙa'idar aron sabis na gaggawa, a fara da ƙananan hukumomin da ke bakin kogin Haɗeja. Da zarar hukumar agajin gaggawa ta jiha ta tabbatar da ambaliya a wani yanki, duk turken da ya rage a tsaye a yankin ya karɓi kowane layi. Kamfanoni za su kawo hujja biyu, kuma dukkansu abin saurare ne. Ta farko, turken da ya tsira zai cushe idan kowa ya hau kansa. Maganin wannan shi ne a taƙaita aron ga kiran murya da rubutaccen saƙo da lambobin tura kuɗi na banki, a bar kallon bidiyo sai ruwa ya janye. Ta biyu, idan kamfani ya san zai iya hawa turken wani a kowane lokaci, zai daina gina nasa. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ba a ce a buɗe ƙofa shekara da shekaru ba. Wuri ne ƙayyadadde, lokaci ne ƙayyadadde, kuma kamfanonin su biya juna kuɗin abin da mutanensu suka yi amfani da shi a kan farashin da hukuma ta yanke tun da rani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ko da an yi wannan duka, akwai sauran magana a kan ita kanta wayar da ke hannun mutane, kuma a nan tarihi ya riga ya ba da darasi. A farkon 2016 MTN ya sayi kamfanin Visafone, wanda shi ne na ƙarshe da ya rage da ƙarfinsa a cikin kamfanonin da ke aiki da tsarin CDMA, bayan Starcomms da Multi-Links sun durƙushe. Abin da ya ja hankalin mai saye shi ne zangon 800 da Visafone ke riƙe da shi, domin ya dace da 4G. An mayar da masu layin kan tsarin GSM, an bar musu lambobinsu, amma wayoyin da ba su san wani tsari ba sai CDMA suka zama kayan wasan yara. A Kano da sauran birane mutane suka sake sa hannu a aljihu. Haka ya faru a Amurka bayan T-Mobile ya haɗiye Sprint a 2020, inda aka rufe tsohon tsarin Sprint a 2022, masu tsofaffin wayoyi suka sauya. Duk lokacin da kamfanoni suka haɗa layi, sukan sake rabon zangunansu, su ɗauke wannan daga tsohon aiki su ba sabo, kuma wanda wayarsa ta tsufa shi ne ke biyan kuɗin sauyin.

Wannan ya shafi karkara kai tsaye, domin zangunan 900 da 1800 da aka yi hayarsu su ne ainihin waɗanda ƙaramar waya mai madannai ke aiki a kansu a tsarin 2G. A 2025 wajen kashi 40 cikin ɗari na layukan ƙasar nan a kan 2G suke, kuma ba sai an yi dogon bincike ba kafin a san cewa kason ya fi haka a ƙauyuka. Manomin shinkafa ba ƙauyanci ne ya sa ya riƙe ƙaramar wayarsa ba. Tana yin kwanaki ba a yi mata caji ba a garin da babu wutar lantarki, tana jure ƙura da faɗuwa, kuma in ta faɗa ruwa asarar ba ta kai ta buhun shinkafa ba. Babu laifi kamfani ya juya wani ɓangare na waɗannan zanguna zuwa 4G, haka duniya ke tafiya. Amma wajibi ne hukuma ta tsaya a kan cewa ba za a matse 2G a turakun karkara har kira ya gagara ba, kuma duk ranar da za a yi niyyar rufe shi, a ba da sanarwa da shekaru, ba da watanni ba.

Masu manyan wayoyi ma ba su tsira ba, kuma a nan ɗalibai da ma'aikata ne abin ya fi ci. Lokacin da Glo ya fara 4G a 2016 a zangon 700, mutane da yawa sun tarar wayoyinsu masu tsada ba su san wannan zango ba. MTN yana da 4G a 800 da 1800 da 2600, Airtel kuma ya fara nasa a 1800. Wayar da aka ƙera don kasuwar wata ƙasa, aka shigo da ita a matsayin ta hannu, tana iya zuwa da 1800 amma babu 800, kuma 700 ɗin da wasu wayoyin Amurka ke ɗauke da shi ba shi ne 700 ɗin da ake amfani da shi a nan ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ga yadda abin ke cutarwa: ɗalibi ya sayi waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, ya gwada ta a shago ta yi gudu kamar iska, domin manyan zanguna sun cika birni. Ya koma Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja, watakila ta ci gaba da aiki. Amma ya je hutu ƙauyensu, inda ƙaramin zango ne kaɗai ke isa, sai ta koma 2G, ya kasa buɗe shafin rajista, ya yi ta zagin kamfani alhali laifin yana cikin aljihunsa. An bar jaki ana dukan taiki.

Wannan yana da magani mai arha. A jikin kwalin waya ko cikin takardarta akan rubuta lambobin zangunan da take ɗauka: lamba 3 ita ce 1800, lamba 7 ita ce 2600, lamba 8 ita ce 900, lamba 20 ita ce 800, lamba 28 kuwa ita ce 700. Mai zuwa karkara ya tabbata akwai 20 da 28 kafin ya biya. Doka ta riga ta ce kada a sayar da waya a ƙasar nan sai irin wadda NCC ta tantance, amma kowa ya san yadda kasuwar wayoyin hannu take. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya na Kano da Haɗeja za su yi wa jama'a babban aiki idan suka ɗora wa 'ya'yansu al'adar gaya wa mai saye gaskiya a kan wannan batu.

Sai kuma wani ɗan ƙaramin abu da ke hana ruwa gudu. Wayoyi da yawa, idan suka hau turken da ba na kamfaninsu ba, sukan nuna harafin R a saman fuska, wasu kuma ba su buɗe intanet sai mai su ya shiga ciki ya kunna aron sabis da hannunsa. Jama'a kuwa suna tsoron wannan harafi, kuma suna da dalili. Alhazai sun san yadda yake cinye kati a Saudiyya, mutanen kan iyaka irin na Maigatari sun san yadda waya kan kamo sabis ɗin Nijar ba tare da mai ita ya tsallaka ba. Haƙƙi ne a kan kamfanonin da suka ƙulla yarjejeniya su fito su yi bayani dalla-dalla, da Hausa da Fulatanci da Barbarci, a gidajen rediyon da ake saurare a yankin: me za a taɓa a cikin waya, kuma ko akwai ƙarin kuɗi ko babu. Saƙon Turanci mai layi biyu da ake turowa bai isa ba. Tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da na intanet har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu na 2025 bisa alkawarin inganta aiki, wannan bayani yana daga cikin mafi ƙanƙantar abin da mai biya ya cancanta.

Gwamnatin Jihar Jigawa ita ma tana da nata rabon aikin, ko da yake lasisi da zango a hannun Tarayya suke. Jihar ba sabuwar shiga ba ce a wannan fage, domin tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki ta kafa kamfanin sadarwa na Galaxy a Dutse, lokacin da jihohi da yawa ba su san inda aka dosa ba. Fili a hannun jiha yake, haka izinin haƙa ramin faiba a gefen hanya, haka harajin da ake ɗora wa turaku. Jiha tana iya cewa za ta ba da fili a kan tudu kyauta, ta sassauta haraji, ga duk kamfanin da zai kafa turke a cikin fadama, bisa sharaɗin a ɗaga janareta da batir a kan dakali sama da inda ruwan 2022 ya kai, a kuma haɗa masa farantan hasken rana domin kada rayuwarsa ta dogara ga motar dizal. Hakimai da dagatai sun san tudun da ruwa bai taɓa hawa ba a kowane gari, ilmin da babu injiniyan da zai zo da shi daga Legas. Su ne kuma za su iya sa ido a kan ɓarayin batir, musamman yanzu da Gwamnatin Tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa tun 2024.

Haka nan, akwai asusun da dokar sadarwa ta 2003 ta kafa musamman don kai sabis inda kamfanoni ba su ga riba ba, kuma a 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shirin kafa dubban turaku a karkara. Irin wannan rabo ba ya zuwa wa wanda ya zauna yana jira. Ya kamata ƙananan hukumomi takwas na masarautar, wato Haɗeja da Auyo da Birniwa da Guri da Kafin Hausa da Kaugama da Kirikasamma da Malam Madori, kowace ta tura ma'aikatanta gunduma-gunduma da wayoyi masu layukan kamfanoni huɗu, su rubuta inda kira ke shiga da inda ba ya shiga, da rani da kuma damina. Aiki ne da ɗaliban kwalejin Haɗeja za su iya yi a hutu ɗaya. Da wannan takarda a hannu ne wakilan yankin a Majalisar Tarayya za su iya zuwa gaban NCC da hujja, maimakon koke na baka. Kuma duk turken da aka gina da kuɗin jama'a, sharaɗinsa na farko ya zama cewa a buɗe yake ga kowane layi tun ranar da aka kunna shi.

Daga ƙarshe akwai tambayar da masu layin T2 ke da haƙƙin jin amsarta tun yanzu. Yarjejeniyar aron sabis da ta hayar zango duka na shekara uku ne, wato za su cika a 2028. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Idan lokacin ya yi, kamfanin zai kasance ya sake gina turakunsa ne, ko za a sabunta aron, ko kuwa za a wayi gari sabis ya sake ɗaukewa? Tun watan Afrilu na 2013 aka ba kowa damar ƙaura da lambarsa daga wani kamfani zuwa wani, kuma aikin NCC ne ta tabbata wannan ƙofa tana buɗe a aikace, ba tare da an yi ta yi wa mutum jeka-ka-dawo ba. Ya kamata kuma hukumar ta buga sharuɗɗan da ta gindaya wa kamfanonin biyu a fili, musamman abin da ya shafi wa'adin sanarwa kafin a janye, domin mai POS a Guri ya san matsayin layin da jarinsa ke kai.

Hukumar kula da koguna ta ƙasa, NIHSA, takan fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina ta kankama, kuma da wuya sunan Jigawa ya fita daga jerin jihohin da ake yi wa gargaɗi. Watannin da ke tsakanin fitowar wannan hasashe da cikar kogi a watan Agusta sun isa a zauna da kamfanoni, a yanke farashin da za su biya juna, a cika tankunan turakun fadama da dizal, a kuma gwada buɗe ƙofar na yini ɗaya a Auyo ko Kirikasamma domin a ga abin da zai faru.